Taron Addu'a Domin Masu Makoki a Cikinmu

Ƴan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Kun san halin da muke ciki. A watannin nan wasunmu sun binne iyaye, wasu kuma ciwo ya kwantar da su har zuwa sujada ya gagara. Shi ya sa muka shirya azumi da addu'a ranar Asabar mai zuwa. Za mu haɗu a majami'a daga ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma. Marasa lafiya da masu shan magani, kada ku tilasta wa kanku azumi, zuwanku ya isa.

Kafin ranar, kowa ya karanta Makoki sura 3. Kuka ne kan Urushalima bayan Babila ta rushe ta, amma a aya 22 da 23 mai kukan ya tuna cewa jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya. A nan za mu daɗe. Ku haɗa da 1 Tasalonikawa 4:13. Bulus bai hana hawaye ba, baƙin ciki marar bege ya hana.

Kowa kuma ya ziyarci mutum ɗaya da ke cikin raɗaɗi. Don Allah, ban da dogon bayani kan dalilin wahalarsa. A ganina, abokan Ayuba sun fi amfani a kwana 7 da suka zauna shiru tare da shi.

Mai buƙatar addu'a ya turo mini a keɓe kafin Alhamis.

Ubangiji ya ta'azantar da mu. Sai mun haɗu.

Ɗan'uwanku, sakataren zumunta