Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025: Inda Muka Tsaya kan Tallafin Karatun Digiri na Biyu da na Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu, da 'yan'uwa membobi maza da mata na gida da na waje, ga bayanin abin da aka gudanar a shekarar 2025, kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya ɗora wa ofishin sakatare. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, zai gabatar da shi a takarda daban.

Mun shiga shekarar nan da labarin da ya sauya mana tsarin aiki baki ɗaya. A ƙarshen 2024 asusun TETFund, wato asusun gwamnatin tarayya mai tallafa wa manyan makarantu, ya sanar cewa daga 1 ga Janairun 2025 ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin malaman manyan makarantu zuwa ƙasashen waje, sai dai waɗanda suka riga suka tafi za a ci gaba da biya musu har su kammala. Dalili biyu aka bayar: tsadar canjin kuɗi, da yawan waɗanda ake turawa su ƙi dawowa. Na farkon ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya ga dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, sannan ta haura naira 1,500 a 2024. Ba a gama jimamin wannan ba, a watan Afrilu Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da tsayar da shirin BEA, wato yarjejeniyar tallafin karatu tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe, wanda ta hanyarsa ɗalibai ke samun gurbi a ƙasashe irin su Rasha, Sin, Hungary, Maroko da Aljeriya. Tun a 2024 ma an rage alawus ɗin ɗaliban wannan shiri daga dala 500 zuwa 220 a wata, kuma membobinmu da ke can sun sha bayyana mana irin ƙuncin da suka shiga.

Kwamitin zartarwa ya zauna a farkon shekara ya yanke shawarar da ba kowa ya yi na'am da ita ba. A baya mafi yawan ƙarfinmu yana tafiya ne wajen koya wa mutane yadda za su samu fita waje. Bana muka karkata shi zuwa ga yadda mutum zai yi karatun digiri na uku a cikin gida, ya yi shi da inganci, ya gama a kan lokaci. Wasu matasan membobi sun ga kamar mun sare ne. Ra'ayin kwamiti, wanda ni ma nake kai, shi ne guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tallafin TETFund na karatu a jami'o'in Najeriya yana nan bai tsaya ba, haka kuɗin bincike na cikin makaranta da kuma Asusun Bincike na Ƙasa. Abin da muka lura shi ne membobi da yawa ba su ma san cewa ta hannun jami'in TETFund na makarantarsu ake shigar da takardu ba, ba kai tsaye zuwa Abuja ba, kuma tallafin na malaman makarantun gwamnati ne kawai. Wannan shi ne abin da muka fi nanatawa a tarukan wayar da kai da aka yi ta intanet.

Aikin da ya fi cin lokacinmu, kuma wanda nake ganin ya fi amfani, shi ne zaman gyaran daftarin bincike. Duk mai neman tallafi ya turo daftarinsa, a ba wa malami mai digiri na uku a fanninsa ya duba, sannan a zauna da shi ya kare abin da ya rubuta. Matsalolin da suka riƙa maimaita kansu kusan iri ɗaya ne. Mutum zai ɗauko take mai faɗin da ba zai ƙare a shekara goma ba, misali ya ce zai binciki illar sauyin yanayi ga noma a Arewacin Najeriya, alhali abin da zai iya yi cikin shekara uku shi ne amfanin gona ɗaya a ƙananan hukumomi biyu ko uku. Wani zai cika shafuka da abin da wasu suka rubuta, in an tambaye shi wace tambaya ce bincikensa zai amsa, sai ya yi shiru. Wani kuma kasafin kuɗinsa bai san da sinadaran gwaji ba, bai san da kuɗin mota zuwa ƙauyukan da zai tattara bayanai ba, bai san da kuɗin buga maƙala a mujalla ba. Akwai kuma sabuwar matsala, ta daftarin da manhajar kwamfuta ta rubuta wa mutum tas. Turancin ya yi kyau, amma mai shi ba ya iya bayanin sakin layi ɗaya, wani lokaci ma littattafan da aka ambata a ciki babu su a duniya. Malamanmu sun mayar da irin waɗannan, kuma muna goyon bayansu, domin wanda ya je gaban kwamitin tantancewa da irin wannan takarda, kunyar ba tasa kaɗai ba ce.

Muna miƙa godiya ta musamman ga waɗannan malamai. Ba a biya su ko sisi ba, wasunsu cikin dare suke duba aikin bayan sun gama da nasu ɗaliban. Allah Ya saka musu da alheri.

Abu na biyu shi ne kundin wuraren bincike. Babban kukan mai karatu a gida, musamman a fannin kimiyya, shi ne rashin na'ura da rashin wuta. Gaskiya ne, amma kuma akwai kayan aiki a warwatse da mutane ba su san da su ba. Saboda haka muka fara tattara bayanin inda ake samun me, da yadda ake neman izinin amfani. A Zariya akwai Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda tukunyar nukiliya ta bincike take aiki tun 2004, ana kai mata samfurin ƙasa da duwatsu da tsirrai don gano sinadaran da ke ciki. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ta dabbobi a Shika, da ta fasahar sinadarai (NARICT) a Basawa. A Kano akwai Cibiyar Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da ofisoshin cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT. Akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, da ta lafiyar dabbobi a Vom. Masu tarihi da adabi da nazarin Musulunci kuwa, ga Gidan Arewa da Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna, ga Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kundin bai kammala ba. Ɓangaren Arewa maso Gabas ne ya fi ƙarancin bayani, muna roƙon membobin Bauchi, Gombe, Yola da Damaturu su taimaka.

Karkata zuwa gida bai sa mun yi watsi da ƙofofin waje da suka rage ba. Asusun Raya Fasahar Man Fetur (PTDF), wanda aka kafa tun 1973, yana ci gaba da tura ɗalibai Birtaniya, Jamus, Faransa da Malesiya a fannonin da suka shafi mai da iskar gas da makamashi, kuma mun yi wa membobin da aka gayyata gwajin tattaunawa atisaye kafin su tafi. Mun yi bayanin tallafin Commonwealth, wanda Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya ke cikin masu gabatar da sunaye, da Chevening na gwamnatin Birtaniya mai neman shekara biyu ta gogewar aiki, da DAAD na Jamus. Jihar Kano ma ta farfaɗo da nata shirin a 2023 da sanarwar ɗalibai 1,001, inda aka tura su Indiya da Uganda. A duk waɗannan, abin da ya fi kayar da mutanenmu ba ƙarancin ilimi ba ne. Takardu ne: sunan da ke kan lambar NIN ya saɓa da na takardar digiri, fasfo ya ƙare, takardar ƙaramar hukuma ta ɓace, ko cikakken sakamakon karatu bai fito ba har aka rufe shafin. Akwai memba da ya rasa gurbi a bana saboda wata jami'a ta riƙe masa sakamakonsa watanni. Ofishin sakatare ya rubuta mata, an saki takardar, amma lokaci ya riga ya wuce.

Kwamitin mata ya yi zama na musamman kan dokar Birtaniya ta Janairun 2024 da ta hana ɗaliban digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, tafiya da iyali. Da yawa ba su san cewa dokar ta bar wa masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu damar tafiya da iyali ba. Wannan bayani kaɗai ya sa wasu 'yan'uwa mata da suka haƙura suka sake shigar da takardunsu, bayan sun tattauna da mazajensu da iyayensu.

Akwai maganar da dole a faɗe ta a fili, ko da za ta yi wa wasu ɗaci. Wanda aka ba hutun ƙaro karatu, ana biyansa albashi, aka biya masa kuɗin makaranta da dukiyar jama'a, ya sa hannu a kan yarjejeniyar cewa zai dawo ya koyar, sannan ya gama ya zauna can, ya ci amana. Mun san albashin malamin jami'a a ƙasar nan bai kai ya kawo ba, mun san wasu sun dawo sun tarar ko teburin zama babu. Duk da haka, alkawari kaya ne, kuma sakamakon abin da suka yi ya faɗa kan ƙannensu da ke jiran layi. Ƙungiya ta tuntuɓi membobinta da ke cikin wannan hali cikin sirri da mutunci, ta shawarce su da su dawo ko su daidaita da makarantunsu su mayar da abin da aka kashe. A ɗaya ɓangaren, mun rubuta wa wasu makarantu da ke jinkirta sakin kuɗin ɗaliban da aka riga aka amince musu, domin yarjejeniya tana hawa kan ɓangare biyu ne.

Wani abin da muke bibiya shi ne tushen kuɗin TETFund kansa. Harajin ilimi da ake karɓa daga ribar kamfanoni ya faro ne da kashi 2 cikin 100 a 1993, ya koma 2.5 ƙarƙashin dokar kuɗi ta 2021, sannan 3 a 2023. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun haɗe shi da wasu haraji zuwa harajin raya ƙasa na kashi 4, wanda rabinsa zai tafi ga asusun daga 2026. An ɗora wa membobinmu masana haraji su yi mana bayani a taron farko na shekara mai kamawa.

Ta fuskar walwala, an tallafa wa membobin da rashin lafiya ko rasuwa ta shafa gwargwadon abin da ke asusu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Kuɗin wata-wata kuwa yana tafiyar hawainiya, kuma shi ya hana a fara ƙaramin asusun sayen sinadaran gwaji da aka amince da shi a taron bara. Maganar tana cikin ajandar babban taro, tare da zaɓen sabon jami'in hulɗa da jama'a. Duk mai son a duba masa daftari kafin a buɗe shafukan neman tallafi na 2026, ya turo shi ga kwamitin ilimi da wuri, tare da sunan fanninsa da tallafin da yake nema. Za a sanar da ranar taro da wurinsa a zauren WhatsApp na ƙungiya.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya