Godiya ga kamfanin da ya gyara mana wayoyin intanet

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan kamfanin da ya shimfiɗa mana kebul,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a ne domin abin da kuka yi mana ya wuce godiyar baki.

Ma'aikatarmu hawa biyu ce, ofis a sama, ɗakin injunan yanka ƙarfe da na walda a ƙasa. Mun daɗe muna fama da abu ɗaya: da an tayar da babban inji, sai intanet ɗin kwamfutar ƙasa ya fara ɗaukewa yana dawowa. Na zo wurinku na riga na yanke shawara, a tsige komai a sa kebul mai sulke ko'ina, wato mai rufin alminiyam a ciki da ke kare wayoyin, tunda na ji an ce shi ne mai kyau. Injiniyanku ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in ga ginin tukuna."

Ya hau tsani, ya buɗe silin, ya yanko guntun kebul ya fere shi a gabana. Siraran wayoyin jan ƙarfe takwas ne a ciki, bibbiyu sau huɗu, kowane biyu an murɗe su kamar igiya. Ya ce wannan murɗin shi ne kariya ta farko, ko babu sulke. Hayaniyar lantarki da ta zo daga waje tana faɗa wa wayoyin biyu daidai wa daida, na'urar da ke karɓar saƙo kuwa bambancin da ke tsakaninsu kawai take karantawa, sai hayaniyar ta soke kanta. Dabarar ma tsohuwa ce, tun 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistarta saboda wayar tarho. A ofis irin namu, inda babu komai sai kwamfuta da firinta, wannan ya wadatar.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana ƙasa. Ashe kebul ɗin da ke ba mu wahala mai sulke ne tun asali! Wanda ya saka shi ya datse siririyar wayar da ke bin jikin alminiyam ɗin, ya sa wa kebul ɗin kan roba, wato filogin da ake jonawa a na'ura, bai haɗa sulken da wayar ƙasa mai sauke wuta cikin ƙasa ba, sannan ya ɗaure shi jiki da jiki da wayar wutar injin tun daga bango har bango. Sulken da ba a ba shi hanyar sauke abin da ya tara zuwa ƙasa ba, ba ya aikinsa, wani lokaci ma shi ke janyo hayaniyar.

Don haka kuka raba aikin gida uku. Sama kuka sa kebul nau'in Cat6 marar sulke, wanda ya fi laushi, ya fi sauƙin lanƙwasa a kwana, ya kuma fi arha. Ƙasa kuka sa Cat6A mai sulke da kawunansa na ƙarfe, kuka haɗa shi da wayar ƙasa yadda ya kamata, kuka nesanta shi da wayar wuta, inda dole su haɗu kuwa kuka gitta su. Ɗakin ajiyarmu da ke wani ginin daban kuka ja masa faiba, wato kebul na zaren gilashi mai aika saƙo da haske, saboda nisan ya haura mita 100 da kebul na jan ƙarfe ke iya kaiwa, kuma zaren gilashi ba ya ɗaukar wuta tsakanin gini da gini idan an yi tsawa.

Da kun bi maganata, da kun sayar mini da kaya mai tsada ninkin wannan, ni kuma in biya ina murna. Ba ku yi ba, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Ina kuma yaba wa matashin da ya ɗaura kawunan. Na tsaya a kansa ina kallo, ba ya warware murɗin fiye da milimita 13, ko da yatsunsa sun gaji. Da ya gama ya gwada kowane layi da na'ura, ya manna masa lamba, ya miƙo mini takardar sakamakon. Tun ranar injuna suna ta ruri, intanet bai sake ɗaukewa ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi, ya albarkaci hannun yaran nan.

Naku,
Mai kula da ma'aikatar