Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mana da laftof shida masu dishi-dishin hoto

Zuwa ga Manajan Kamfani, Abuja.

Assalamu alaikum. Yallaɓai, bayan gaisuwa, na fito da wannan magana fili ne saboda jiya na kira layinku sau huɗu ba a ɗaga ba, a na biyar aka katse. Kafin nan, ranar 9 ga Afrilu da ƙarfe 4:20 na yamma, ma'aikacinku ya turo saƙon murya na daƙiƙa 19 ta WhatsApp, yana cewa: "Malam, kwamfuta lafiyarta ƙalau, haka tsofaffi suke. In rubutu ne ba ka gani, ka je ka yanki tabarau." Saƙon yana nan, ban goge ba. Wannan ce amsar da aka ba mai sayen da ya biya naira 990,000.

Ranar 11 ga Maris wata makarantar koyon kwamfuta a nan Jos ta sayi laftof na hannu guda shida a wurinku, kowace naira 165,000, aka ƙara naira 12,000 kuɗin aiko su ta tasha. Ni ne mai duba wa makarantar na'urorinta. A tallarku da kuma rasit an rubuta sikirin inci 14 mai ɗigo 1600 x 900, da garantin wata uku. Da aka kunna, duka shidan a 1024 x 768 suke tsaye, wurin canza girman hoton kuma ya ƙi taɓuwa. Ga abin da ido ke gani: an ja hoton da aka yi wa siffar 4:3 an shimfiɗa a kan gilashi mai faɗin 16:9, sai da'ira ta koma ƙwai, fuskar mutum ta baje, harafin "a" da "o" suka kusa zama ɗaya. A buɗe Excel, layukan gefe sun gudu. Yaro ya zauna awa ɗaya yana koyon buga rubutu, ya tashi yana murza ido.

Tunda kun ce lafiyarsu ƙalau, bari in faɗa muku abin da ke cikinsu, ba tare da na kwance ko noti ɗaya ba. Takardarku ta garanti tana nan manne a ƙasan kowace.

Da aka shiga Device Manager, wato shafin Windows da ke jera kayan cikin kwamfuta, ƙarƙashin Display adapters, sunan da ke wurin shi ne Microsoft Basic Display Adapter. Duk ƙaramin yaron shago a kasuwar Terminus ta Jos ya san ma'anar wannan: ba a ɗora direban hoto ba, wato manhajar da ke sa Windows ta iya sarrafa cif ɗin da ke fitar da hoto, Windows tana lallaɓawa ne da na wucin gadi. Shi ya sa maɓallin ƙara haske da rage shi bai aiki, shi ya sa in an jona majigi ta VGA ba a iya raba hoton gida biyu, shi ya sa bidiyo ke tsinkewa fanka tana ihu, domin furosesa ce ke ɗaukar aikin da ba nata ba. Na'urorin nan Core i5 ne zubi na biyu, na wajajen 2011, masu Intel HD Graphics 3000. Intel bai fitar wa wannan cif ɗin direba na Windows 10 a hukumance ba, balle na 11. Ku kuwa Windows 11 kuka tura musu da ƙarfi, alhali ita tana neman cif ɗin tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Ga dukkan alamu kwafi ɗaya kuka zuba wa duka shidan, don har sunan kwamfutar iri ɗaya ne, aka rufe aka sa a kwali. Da wani ya ɗaga murfin ya kalla na minti ɗaya, da ya gani.

Wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Na sauke Windows ɗinku, na ɗora Windows 10, na sa tsohon direban da aka yi wa Windows 8.1 da hannu ta maɓallin Have Disk na Windows. Uku daga ciki suka koma 1600 x 900 nan take, rubutu ya fito tar. Kwana biyu aikin ya ci, da data da man janareta. Kuma ko wannan ba mafita ce mai ɗorewa ba, tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, abin da ba ku faɗa wa mai saye ba.

Sauran ukun su ne asalin rigimar. Biyu, bayan direba ya hau daidai, ƙarshen abin da suke bayarwa 1366 x 768 ne. Don kada a ce Windows ce ko hannuna, na kunna su da Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta daban da Windows, daga filashi, na buga umarnin xrandr mai nuna girman hoton da sikirin ke iya bayarwa. Kowane sikirin yana ɗauke da ɗan bayanin kansa da ake kira EDID, wanda yake faɗa wa kwamfuta iyakar ɗigonsa, kuma duka biyun 1366 x 768 suka ce. Babu direban da zai ƙirƙiro ɗigon da babu shi a jikin gilashi. Sikirin 1600 x 900 yana da ɗigo 1,440,000, na 1366 x 768 kuwa 1,049,088. An rage sama da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, kuɗin kuma ba a rage ko kwabo ba. Na duba bakin firam ɗin: a ɗaya, ƙugiyoyi biyu na kusurwar hagu sun karye an liƙe da gam, robar da ke rufe noti babu ita. An canza sikirin nan kafin a sayar, kuma wanda ya canza ya san abin da ya sa. Ba kuskuren shago ba ne a sa mai arha a rubuta mai tsada a rasit.

Ta shidan kuwa, in an motsa murfi sai hoto ya yi layi-layi kore da ja, har a shafin BIOS, wato shafin saitin na'urar kanta, tun kafin Windows ta tashi. Na jona mata wani sikirin na waje, hoto ya fito garau. Wato cif ɗin hoto lafiya yake, fleks, wato igiyar sikirin da ta bi ta cikin hinji, shi ne ya ci, ko kuma bakinsa mai fil 40 bai zauna ba. Ƙaramin gyara ne, amma in na buɗe za ku ce na karya garanti.

Duk wannan na rubuta muku shi tun cikin Maris, da hotuna. Aka ce injiniya zai kira. Bai kira ba. Wani lokaci aka ce Oga ya yi tafiya, wani lokaci aka ce a aiko da su Abuja amma kuɗin mota zuwa da dawowa namu ne, kuma ba za a ba da takardar karɓa ba. Wata rana ma aka ce wai sanyin Jos ne ke taɓa sikirin. Yallaɓai, sanyin Jos ba ya canza abin da ke rubuce a EDID. Ina lura kuma da yadda ake jan ƙafa, garantin yana ƙarewa 11 ga Yuni.

Abin da nake nema: ku karɓi ukun nan da kuɗinku, ku sa wa biyu sikirin 1600 x 900 na gaskiya tare da fleks ɗin da ya dace da shi, domin sau da yawa igiyar ƙaramin sikirin ba ta ɗaukar babba, ku gyara ta shidan. In ba za ku iya ba, ku dawo da naira 495,000. Ku biya naira 30,000 na aikin da ya kamata a ce ku kuka yi. Ma'aikacin da ya yi maganar tabarau kuma ya ba da haƙuri a rubuce.

Amma abin ya wuce mu. Tallar nan har yau tana shafinku, da lambobin nan, da "Windows 11" an rubuta da manyan baƙaƙe. Mu mun gane ne don akwai mai duba mana. Ɗalibin da mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ya saya masa guda ɗaya fa? Zai zauna da hoto dishi-dishi shekara huɗu yana zaton haka tsohuwar kwamfuta take, don haka kuka koya wa yaranku su faɗa. Kuna cin kuɗi ne da rashin sanin mutane, kuma wannan ha'inci ne a ciniki. Ku sauke tallar, ku rubuta ainihin girman sikirin da shekarar kowace na'ura.

Na ba ku kwana bakwai daga yau. In ban ji daga gare ku ba, zan kai rasit, da hotunan gwajin, da saƙon muryar nan gaban hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, a can Abuja inda kuke.

Wassalam.

Mai gyaran kwamfuta,
Titin Bauchi, Jos.