Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya shirya mana tafiya Zanzibar

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum.

Yallaɓai, ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau huɗu ina barin wurin aikina da rana tsaka, in taso tun daga Kawo zuwa ofishinku, kullum amsar ɗaya ce: oga ya fita, oga yana Abuja, oga ya shiga ganawa. Na rubuta takarda na bari a kan teburin karɓar baƙi, shiru. Na tura saƙo ta WhatsApp, alamar an karanta ta fito, shiru. Shi ya sa na kawo ta nan inda kuke tallata hajarku. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, domin gyara nake nema, kuma kun san kanku.

Bana aurenmu ya cika shekara 10. Tun muna ango da amarya nake yi wa maiɗakina alkawarin wata rana zan kai ta ta ga teku da idonta. Mu mutanen Kaduna ne, ruwan da muka sani shi ne Kogin Kaduna, shi ma daga kan gada muke leƙa shi. Shekara biyu ina zubin adashi a wurin aiki saboda wannan tafiya. Da na ɗauki kwasata, na shigo ofishinku da hoton da kuka ɗora a Instagram: wani farin tudun yashi a tsakiyar teku, an kafa rumfa, ana gasa kifi. Ma'aikacinku ya ce sunan wurin Nakupenda, wai da harshen Suwahili ma'anarsa "ina son ki". Na ce to ai magana ta ƙare. Na biya kuɗin kwana biyar na mutum biyu, aka rubuta mini a rasit cewa an haɗa komai da komai.

Zan faɗi inda kuka yi daidai, don kada a ce ƙiyayya ce. Biza ta fito a kan lokaci, alhali ɗan Najeriya sai ya nema tun daga gida ya jira amincewa. Kun tuna mana da katin rigakafin cutar shawara. Tikitin jirgi bai ba mu matsala ba: muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, muka tashi zuwa Adis Ababa, daga can muka sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume da ke tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya. Otal ɗin ma ba laifi, akwai tsabta, kuma ana jin kiran salla daga ɗaki, don kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne.

Tun a filin jirgi aka fara. Jami'i ya tambaye mu takardar inshora. Na miƙa wadda kuka ba mu, ya juya ta ya dawo mini da ita. Ashe tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa duk baƙon da zai shiga ya sayi inshorarta ta kanta, dala 44 kowane mutum, ko da yana riƙe da wata daga ƙasarsa. Doka ce da ta yi wata shida tana aiki kafin mu tashi. Muka koma gefe kamar waɗanda aka kama da laifi, na ƙirga dala 88 daga kuɗin da na ware don tsaraba. Wannan na haɗiye.

Na biyu, lokacin da kuka zaɓa mana. Mun tafi a watan Afrilu, bayan ƙaramar Salla. A nan Kaduna lokacin zafi ne, ana jiran ruwan farko. A can kuwa tsakiyar babbar damina ce, wadda suke kira Masika, daga Maris zuwa Mayu. Direban da ya ɗauko mu shi ya fara faɗa mana, yana dariya, cewa ai a wannan lokaci otal-otal ke karya farashi saboda ƙarancin baƙi, wasu ma rufewa suke yi su yi gyara. Sai na tuna yadda ma'aikacinku ya ce mini an yi mana "ragi na musamman saboda Alhaji namu ne". Ba na ƙin araha. Amma da an ce mini arahar damina ce, da ni da matata muka zauna muka yanke shawara da kanmu. Wannan ma na haɗiye, domin ruwan yakan zuba ya ɗauke, mun kuma samu mun zaga tsohon gari, mun je gonar kayan ƙamshi mun ga kanumfari da kirfa a jikin bishiyarsu, abin da matata ta shekara tana jefawa a shayi ba ta taɓa ganin uwarsa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rana ta uku.

A jadawalin da kuka buga mana an rubuta: yawon jirgin ruwa zuwa tsibirin Changuu da Nakupenda, ƙarfe 3:00. Muka yi sallar Azahar, muka shirya, biyu da rabi muna bakin teku kusa da lambun Forodhani. Na nuna takardar ga wani dattijo mai jirgi, wanda sunansa ke jiki. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya dafe kai. Ya ce tun safe ya jira mu har ƙarfe tara da rabi, sauran fasinjoji suka fara faɗa, ya tafi. Ya ciro wayarsa ya nuna mini saƙon da ya aiko wa ofishinku: "saa 3 asubuhi". Ko ba ka jin Suwahili, Bahaushe zai tsinci sa'a da asuba a ciki. Su mutanen can daga fitowar rana suke fara ƙirga lokaci. Ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ɗaya a wurinsu, ƙarfe tara kuma sa'a uku. Ma'aikacinku ya ga lamba 3, ya ga ba mai shiga teku da ukun dare, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ukun rana ake nufi. Bai tambayi kowa ba. Kamfanin da ya rubuta a allonsa cewa ya ƙware a kan gabashin Afirka bai san yadda ake duba agogo a gabashin Afirka ba.

Kuma ba don son ransa dattijon ya sa ƙarfe tara ba. Tekun can sau biyu take cika, sau biyu take janyewa a kowane yini. Nakupenda ba tsibiri ba ne, tudun yashi ne da ke bayyana idan ruwa ya janye, ya nutse idan ya dawo. Ranar kuwa wata ya kai sha huɗu, lokacin da cikar teku ta fi ƙarfi. Da hantsi ruwan ke janyewa, da la'asar ya cika maƙil. Dattijon ya nuna mini gindin katangar bakin teku da yatsa, inda ruwa ya riga ya fara dukanta, sannan ya nuna hadarin da ke haɗuwa ta kudu, ya girgiza kai. Ya ce mu bari sai gobe.

Na kira ofishinku. Zanzibar tana gaban Najeriya da awa biyu, don haka a Kaduna ƙarfe ɗaya ne, ba wanda ya ɗauka. Bayan minti arba'in ma'aikacinku ya kira. Na gaya masa abin da dattijon ya ce. Ga amsarsa, tana nan a kunnena: "Alhaji, kada ka biye masa, so yake ya ƙara kuɗi. Gobe kuna da wani shirin. Na samo muku wani jirgin yanzu-yanzu, an biya."

A nan ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Na ji maganar wanda ke zaune a ƙarƙashin fanka a Kaduna, na bar maganar wanda furfurarsa ta fito a kan teku. Matata ta ja hannun rigata ta ce, "Abban Ummi, anya kuwa?" Na ce ai kamfani ba zai saka mu a halaka ba.

Jirgin da kuka samo mana kwale-kwalen katako ne mai inji ɗaya a baya, da rumfar leda. Mu tara ne fasinjoji, da yara biyu matasa masu tuƙi. Na tambayi rigar kariya. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga wani katako ya zaro guda uku, sun yi baƙi saboda danshi, ɗaya ba ta da maɗauri. Uku, ga mutum goma sha ɗaya. Daga ni har matata ba wanda ya iya iyo.

Mun isa Changuu cikin kamar rabin awa. Wuri ne da ya cancanci a yini a cikinsa. A 1893 Turawan Ingila suka gina kurkuku a wurin, amma ba a taɓa kulle fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cutar shawara da ke shigowa ta jiragen ruwa. Ga kuma manyan kunkurun nan da aka fara kawo guda huɗu a 1919, kyauta daga gwamnan tsibiran Seshel, wasu an rubuta shekarunsu da fenti a bayansu. Matata ta tsuguna tana miƙa wa wani ganye, shi kuma yana miƙo wuya a hankali kamar tsohon da aka tasa daga barci. Wannan ne kaɗai lokacin da na ga ta yi dariya a ranar. Minti ashirin aka ba mu, matuƙin ya fara tafa hannu.

Muka nufi Nakupenda. Bayan ɗan lokaci yaron ya rage gudu, ya nuna wani wuri da ruwan ya ɗan fi haske, ya ce ga shi nan. Babu rumfa, babu kifi, babu ko yashin da zai cika tafin hannu. Abin da na yi adashin shekara biyu dominsa ke nan, yana ƙarƙashin ruwa muna kallonsa daga sama.

Juyawar da za mu yi hadarin ya iso. Iska ta fara ɗaga gaban jirgin tana maka shi, ruwan sama ta sama, na teku ta gefe. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Yaron ya ja igiya har hannunsa ya gaji. Ɗan'uwansa ya ɗauko yankakkiyar jarka yana kwarfe ruwan da ya kai mana idon sawu, can ya miƙo mini wata, ni ma na durƙusa na kama. Rigar kariyar da ta rage ita ce marar maɗauri. Na saka wa matata, na cire mayafinta na naɗe ta da shi na ƙulle a bayanta, hannuna na rawa har sai da na sake ƙullin sau uku. Ba ta yi kuka ba. Tana ta maimaita addu'ar Annabi Yunusa, sai can ta dube ni ta ce, "Abban Ummi, wa zai riƙe yaran?" Ban samu abin da zan ce mata ba.

Mun fi awa ɗaya a haka, fitilun gari suna ƙara nisa. Babu rediyon kiran agaji a jirgin, babu ko tocila. Wasu masunta da ke komawa gida ne suka hango hasken wayoyinmu, suka jefo igiya suka ja mu. Ana kiran Isha muka taka ƙasa. Dattijon nan yana tsaye a bakin ruwa, ashe tun Magariba yake tambayar ko an ga jirginmu. Bai ce mana komai ba, ya kama hannuna ya taimake ni na fito.

Yallaɓai, ba sabon abu ba ne teku ta ci mutane a wannan yanki. A Satumban 2011 wani jirgin fito ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar biyu, ɗaruruwan mutane suka rasu, a Yulin 2012 wani ya sake kifewa. Mu ma nan gida kusan kowace damina sai mun ji kwale-kwale ya kife a Neja ko Kebbi ko Kwara, kuma kullum zancen ɗaya ne, lodi ya yi yawa, babu rigar kariya. Wanda ke sayar wa mutane tikitin shiga teku bai kamata a koya masa wannan ba.

Sauran kwana biyun a ɗaki muka yi su. Matata ta ce ko labulen da ke kallon teku kada in buɗe.

Da muka dawo na zo ofishinku, ma'aikacin ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, haka Allah ya ƙaddara, tunda kun dawo lafiya ai alhamdu lillahi." Na yarda da ƙaddara, kuma na gode wa Allah fiye da yadda yake zato. Amma ba ƙaddara ce ta rubuta 3:00 a jadawali ba, kuma ba ita ta ce in yi watsi da maganar mai jirgi ba. Sannan ya yi mini tayin ragin kashi 10 cikin 100 idan zan bi ku zuwa Dubai. Ga mari ga tsinka jaka, bayan mako ɗaya sai ƙanwata ta turo mini shafinku: hoton da muka ɗauka a filin jirgin Abuja muka turo muku don shaidar mun tashi, kun ɗora shi kuna cewa ga wasu ma'aurata da suka more hutunsu tare da ku. Ba wanda ya nemi izininmu, kuma fuskar iyalina ce a ciki.

Ga abin da nake nema. Ku sauke hoton nan yau. Ku mayar mini da kuɗin yawon jirgin ruwa gaba ɗaya, da dala 88 na inshorar da rasit ɗinku ya ce an haɗa. Ku rubuto wa maiɗakina takardar ban haƙuri da sa hannunka, ba na yaron ofis ba. Sannan kafin ku sake tura wani, ku rubuta masa a fili watannin damina, ku tabbatar da lokaci daga bakin mai jirgin da kansa, kuma kada ku biya kowane jirgi sai kun san yana da rigar kariya daidai da yawan kawunan da zai ɗauka. Na ji kuna tallar tafiyar amare ta watan Disamba zuwa wannan wuri, shi ya sa ban jira ba.

Na ba ku kwana 14 daga yau. Idan ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙorafina Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, FCCPC, da kuma ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta ƙasa, NANTA. Rasit yana hannuna, da jadawalin da kuka buga, da hoton saƙon dattijon mai jirgi, da sunayen mutum biyu cikin fasinjojin da suka ce a shirye suke su ba da shaida. Lambata tana cikin fayil ɗinku.

Wassalam.

Abokin cinikinku,
daga Unguwar Dosa, Kaduna.