Zuwa ga mai tambayar amfanin zanen inabin da ba a ci

Malam, bayan gaisuwa mai yawa.

Na ga tambayar da ka yi mini a bainar jama'a: wai mene ne abin yabo a zanen 'ya'yan itatuwa da masu zanen Filandas (arewacin Beljiyam ta yau) da Holan suka yi a ƙarni na 17, tunda kwaikwayon abin da ido ya gani ne kawai, aikin da kyamarar waya za ta gama cikin ƙiftawar ido?

Malam, abin da ke cikin zanen nan ba a taɓa ganinsa a duniya ba, balle a ɗauke shi hoto. Ka dubi aikin Jan Davidsz de Heem, haifaffen birnin Utrecht na Holan da ya koma birnin Antwerp na Filandas da zama. Zai rataya maka damin 'ya'yan itace a jikin ƙusa da shuɗin ƙyalle, ceri yana gogar inabi, alhali ceri farkon lokacin zafi yake nuna, inabi kuwa sai kaka, kamar a ce maka an tsinko mangwaro da ɗanyar masarar damina rana ɗaya. Kowane ɗa sai an jira lokacinsa an nazarce shi, sannan a haɗa su a allo guda, haske ɗaya yana dukansu.

Matso kusa ka ga farar ƙurar nan da ke kwanciya a fatar inabi, da ɗigon raɓa mai ɗauke da hasken taga, da dodon koɗi yana hawa ganyen da tsutsa ta riga ta ɓula. Da fentin mai aka yi wannan, shafi siriri a kan shafi, kowanne sai ya bushe. Ni dai wannan haƙurin kaɗai ya isa in cire musu hula.

Kuma ba don burge ido kawai aka fara irin wannan zane ba. A 1566 Kiristoci 'yan Furotesta masu adawa da hotunan ibada sun farfasa na coci-cocin Katolika a Filandas da Holan. Wajen 1608 Jan Brueghel Babba ya zana wa Kadinal Federico Borromeo na Milan zoben furanni kewaye da hoton Maryamu, wanda Hendrick van Balen ya zana a tsakiya. Katolika ne ke mayar da martani: hoton da aka wulaƙanta, ga shi an yi masa ado. Almajirin Brueghel, Daniel Seghers, ɗan ɗariƙar Jesuit ta Katolika, ya ci gaba da salon har ya yi suna da shi.

A 1648 De Heem ya kewaye ƙoƙon jibin Ubangiji, wato ƙoƙon ruwan inabin ibadar coci, da inabi da zangarniyar alkama. Ga Kiristan zamanin, gurasa da ruwan inabin ibadarsa ne aka nuna masa tun suna gona. Zanen yana gidan tarihin fasaha na Biyana, babban birnin Ostiriya, in Allah ya kai ka can ka tsaya gabansa ka ba shi lokaci.

Ka huta lafiya.