Maɓallan Sandar Tuƙi: Zuwa da Kai Ya Fi Aike

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da wasu masu karatu za su ɗauka wasan yara ne. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Damagaram, kuma bayan sallar la'asar nakan zauna da wasu samari a gaban kwamfuta ɗaya muna koyon tuƙin jirgin sama ta manhajar kwaikwayo. Biyu daga cikinsu suna da burin shiga EAMAC, makarantar da ke Yamai ta ASECNA, hukumar kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama a Afirka da Madagaska, ko da yake na sha gaya musu cewa masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi da ƙwararrun na'urori take horarwa, ba matuƙa jirgi ba. Ɗaya kuma idonsa yana kan kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin samarinmu suna saita sandar tuƙi, wato sandar da ake jona wa kwamfuta don sarrafa jirgin, ta hanyar da ke jawo musu wahala, alhali akwai wadda ta fi ta sauƙi.

Hanyoyin biyu ne. A ta farko, mutum yana shiga wurin saiti na manhajar da kanta, ko Microsoft Flight Simulator ce ko X-Plane ko FlightGear, ya ce mata maɓalli na uku na sanda shi ne birki, na biyar shi ne sauke ƙafafun jirgi, ita kuma ta riƙa sauraren sandar kai tsaye ta igiyar USB. A ta biyu, ana sa wata ƙaramar manhaja a tsakani, irin su JoyToKey ko AntiMicroX ko waɗanda kamfanonin sanduna suke bayarwa, kamar TARGET ta Thrustmaster, wadda aikinta shi ne idan an danna maɓallin sanda ta ruɗi kwamfuta ta zaci wani harafi aka danna a allon rubutu. Wato jirgin bai san da sanda ba a wannan ɓangare, saƙon ɗan aike kawai yake karɓa. Samari suna son hanya ta biyu saboda ana samun saitin da wani ya riga ya shirya a intanet, sai a sauke shi a ɗora ba tare da an zauna karatu ba.

Na fara gane illar wannan ne ranar da ɗaya daga cikin yaran ya tashi daga filin jirginmu na Zinder, wanda lambarsa a taswirar jirage ita ce DRZR, ya nufi Kano da Beechcraft Baron, jirgi mai inji biyu wanda ake naɗe ƙafafunsa bayan tashi. Tafiyar ta yi kyau, ya bi hanyarsa daidai, ya daidaita da titin sauka, ya danna maɓallin ƙafafu, sai ga jirgi ya sauka da ciki. Ya rantse ya danna, kuma gaskiya ya faɗa, domin ina tsaye a bayansa. Da muka bincika sai muka tarar laifin namu ne: maɓallin nan yana ɗaure da umarnin ƙafafu a cikin manhajar jirgin, kuma ɗan aiken da muka ɗora shi ma yana aika harafin G, wanda shi ne umarnin ƙafafu a allon rubutu. Danna ɗaya ta zama biyu, ta farko ta ce a sauke, ta biyu ta ce a mayar. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne harafin G ba ya cewa sama ko ƙasa, juya halin da ake ciki kawai yake yi, alhali a wurin saiti akwai umarni dabam na naɗe ƙafafu da umarni dabam na sauke su, waɗanda ko sau goma aka danna ba za su yi akasin abin da aka nufa ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafarmu mu ƴan Nijar, wadda masu rubuta waɗannan saituna a Amurka ko Ingila ba su da dalilin tunawa da ita. Kwamfutocin da ke hannun mutane a garin nan iri biyu ne: waɗanda suka zo ta hanyar Faransa da ofisoshin gwamnati suna da allon AZERTY, waɗanda ƴan kasuwa suke shigowa da su daga Kano kuwa yawancinsu QWERTY ne. A allon Faransanci, A da Q sun yi musayar wuri, haka ma Z da W, harafin M ya koma gefen L, lambobin jeren sama ba sa fitowa sai an riƙe Shift, ɗigon aya ma sai da Shift. To, a Flight Simulator X, wadda ta fito a 2006 kuma har yanzu ita ce kwamfutocinmu marasa ƙarfi suke iya ɗauka, ɗigon aya shi ne birki. A FlightGear, wadda kyauta ce kuma da ita nake fara koya wa sababbi, leɓen fiffike, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa wajen tashi da sauka, ana sauke shi ana ɗaga shi da alamomin baka masu kusurwa, waɗanda a allon AZERTY sai an haɗa da AltGr kafin a same su. Ɗan aiken nan, wani yana aika matsayin maɓalli a kan allo, wani yana aika harafin da kansa, kuma mai amfani da shi ba ya sanin wanne ne nasa sai ranar da ya kai saitinsa kwamfutar abokinsa ya ga birki ya ƙi kamawa. Maɓalli na uku na sanda kuwa na uku ne a kowace kwamfuta, ba ruwansa da Faransanci ko Turancin Ingilishi.

Harafin da aka aika yana zuwa ne wurin tagar da ke gaba a wannan lokacin. Idan yaro ya buɗe taswira ko takardar bayanin filin jirgi ya taɓa ta, sannan ya danna maɓallin sanda, umarnin ya tafi can, jirgin kuma bai ji komai ba. Masu tashi tare da jama'a a intanet ta VATSIM ko IVAO, inda mutane na gaske suke zama a matsayin masu ba da izinin sauka da tashi, sukan ga haruffa suna zubowa cikin akwatin saƙo maimakon su yi aiki a jirgi. Haka nan idan an buɗe manhajar jirgin da ikon mai kula da kwamfuta, ɗan aiken kuma an buɗe shi ba da wannan iko ba, Windows tana hana haruffansa isa, sai mutum ya yini yana zargin sanda ta lalace.

Inda na fi tsananta wa ɗalibaina shi ne batun totur da juya hanci da faifan wutsiya. Waɗannan ba umarni ne na e ko a'a ba. Sanda irin Logitech Extreme 3D Pro, mai maɓallai 12, wadda da ita muke aiki, tana auna karkatar hannu a matakai ɗaruruwa, har jirgi ya ji bambanci tsakanin ɗan taɓawa da ja da ƙarfi. Duk wanda ya mayar da wannan awo ya zama danna F2 da F3 don rage mai da ƙara shi, ya zubar da abin da ya sa ya kashe kuɗinsa a kan sanda tun farko, kuma ba zai taɓa koyon sauka mai laushi ba, balle idan ya sa iska tana bugun jirgi daga gefe ko ya sa hazo irin na hunturunmu da ke rufe titi sai an zo kusa.

Ban ce ɗan aike ba shi da rana ba, domin ni ma ina amfani da shi. Tsofaffin manhajoji da dama ba sa ganin abin da ya wuce maɓallai 32 a na'ura ɗaya, wasu ƙananan manhajojin da ake haɗawa da jirgi kuma ba su san komai ba sai allon rubutu. Idan mutum yana son danna ɗaya ta kunna fitilu uku a jere, ko yana son maɓalli guda ya yi aiki biyu gwargwadon ko an riƙe wani tare da shi, kuma manhajarsa ba ta ba da wannan dama, to nan wurinsa ne. Amma wannan cike giɓi ne, kuma sharaɗinsa shi ne duk maɓallin da aka ba ɗan aike a share shi daga wurin saitin manhajar jirgin.

Abin da muke yi yanzu shi ne, kafin a buɗe jirgi, a duba sandar a tagar gwajin na'urorin wasa ta Windows, wadda ake kira da rubuta joy.cpl, a tabbatar kowane maɓalli yana amsawa kuma sandar tana komawa tsakiya. Ƙurar garin nan takan shiga cikinta har alamar ta riƙa rawa ba a taɓa ta ba, sai a bar ɗan fili a tsakiya wanda manhaja ba za ta kula da motsinsa ba. Daga nan a ɗaure totur da wutsiya da birki da ƙafafu da leɓen fiffike kai tsaye, a rubuta lambar kowane maɓalli da aikinsa a takarda a manna jikin bango, a kuma kwafe fayil ɗin saitin a ajiye a wani wuri, saboda wuta takan ɗauke ana tsakiyar aiki. Zaman bai fi na rabin sa'a ba, kuma yaron da ya sauka da ciki a Kano shi ne yanzu yake koya wa ƙannensa yadda ake yi.

Ina roƙon jaridarku, idan hali ya yi, ta buga wannan a shafin matasa, domin na san akwai irin waɗannan samari a Maraɗi da Agadas da Katsina waɗanda allon kwamfutarsu ya sha bamban da na wanda ya shirya saitin da suka sauke.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin lissafi,
Unguwar Birni, Damagaram.