Binciken Farfesa Olopade da Matanmu na Agege

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan aikin Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta karanci likitanci a Jami'ar Ibadan kafin ta koma Jami'ar Chicago a Amurka, inda take nazarin ƙwayoyin halittar gado waɗanda lalacewarsu ke ƙara haɗarin kamuwa da sankarar mama, musamman BRCA1 da BRCA2. Binciken da ta yi da likitocin Ibadan ya nuna cewa wannan cuta takan kama matanmu tun da sauran ƙuruciyarsu, kuma sau da yawa ba ta jin magungunan toshe sinadarin jikin mace da ake dogaro da su a Turai. A 2005 ta samu lambar yabo ta Gidauniyar MacArthur ta Amurka.

Sai dai jami'o'i suna auna darajar irin wannan aiki da yawan masanan da suka ambace shi a rubuce-rubucensu, alhali a nan Agege na san matan da suka ɓoye ƙullutu a mama har ya fashe, saboda kunya da tsadar gwaji. Ina kira ga asibitocin koyarwa na Legas da su riƙa bayyana wannan sakamako da Hausa a Islamiyyun matan aure da gidajen rediyo.

Wassalam.

Wata mai karatu daga Agege, Legas